Gicciyen kasuwa: Duwatsun da suka ga ciniki, hukunci da rikicin addini a garuruwan Birtaniya

Ranar Lahadi 11 ga watan Satumban 2022, kwana uku bayan rasuwar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, jama'a sun cika babban titin tsohon birnin Edinburgh, hedkwatar yankin Scotland. Aka busa ƙaho, sannan wani jami'in fada da ake kira Lord Lyon ya tsaya a saman wani gini na dutse, ya karanta shelar cewa Charles na Uku ya zama sarki. Wasu suka yi masa addu'a, wasu kuma suka yi ihun nuna adawa da sarauta.

A lokacin babu wanda bai riga ya ji labarin ba ta waya ko talabijin. Amma al'adar garin ita ce sai an yi shela a wannan wuri, wanda ake kira Mercat Cross, wato gicciyen kasuwa.

Duk wanda ya zaga tsofaffin garuruwan Birtaniya zai ci karo da irinsa a tsakiyar gari: wani lokaci ginshiƙi ne guda a kan matakala, wani lokaci kuma rumfa ce ta dutse mai kusurwa takwas, cike da sassaƙa. Baƙo zai iya ɗauka ado ne kawai. Tarihinsu kuwa ya shafi haraji, shari'a, talakawan da ke kasa kaya, da kuma rikicin addini da ya raba ƙasar gida biyu.

Kafin a yi kasuwa

Al'adar kafa gicciyen dutse a fili ta girmi kasuwannin kansu. Tun ƙarni na 7 da na 8, lokacin da addinin Kirista ke yaɗuwa a tsibirin, akwai ƙauyuka da yawa da ba su da coci. Sai a kafa dogon dutse a fili, inda masu wa'azi ke tsayawa, jama'a kuma su taru.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara yana ƙauyen Ruthwell a kudancin Scotland. An sassaƙa shi a ƙarni na 8, tsayinsa ya haura mita biyar. A jikinsa akwai hotunan labaran Linjila, da rassan inabi da tsuntsaye ke ci, da kuma baitocin waƙar addini cikin tsohon Turanci, waɗanda ke cikin mafiya tsufa da aka samu a rubuce.

A garin Sandbach da ke arewa maso yammacin Ingila ma akwai wasu guda biyu na ƙarni na 9 a dandalin kasuwa. A Gosforth kuwa, dutsen ƙarni na 10 ya haɗa hotunan addinin Kirista da na gumakan ƴan Viking da suka zauna a yankin.

Ga mutanen da yawancinsu ba su iya karatu ba, waɗannan duwatsu su ne littafi.

Sai da izinin sarki

Daga ƙarni na 12 zuwa na 14 jama'a sun ƙaru, noma da cinikin ulu sun bunƙasa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa an kafa sabbin kasuwanni kimanin 2,000 a Ingila tsakanin shekarar 1200 da 1349.

Sai dai ba kowa ke tashi ya kafa kasuwa ba. Dole mai gari, ko bishop, ko shugaban gidan ibada ya nemi takardar izini daga sarki, wadda ke fayyace ranar da kasuwar za ta riƙa ci. Wanda ya samu takardar shi ke karɓar harajin kaya da kuɗin rumfa da tarar masu laifi, saboda haka kasuwa babbar hanyar samun kuɗi ce.

Domin kada sabuwar kasuwa ta kashe tsohuwa, lauyoyin ƙarni na 13 sun fitar da ƙa'ida: kada tazarar da ke tsakaninsu ta gaza mil shida da kashi biyu bisa uku, wato kusan kilomita 11. Lissafin shi ne mutum na iya tafiyar mil 20 a yini. Sai aka raba yinin uku: zuwa, ciniki, da komawa gida kafin dare.

Da farko ana yawan cin kasuwa a harabar coci, sau da yawa ranar Lahadi bayan ibada. Malaman coci sun daɗe suna ƙorafi, har a shekarar 1285 Sarki Edward na Ɗaya ya haramta cin kasuwa a harabar coci da maƙabartarta. Ciniki ya koma fili, kuma gicciye ya zama alamar tsakiyar wannan fili.

Ma'anarsa biyu ce. Yana nuna cewa kasuwar na da izini kuma tana ƙarƙashin kariyar sarki. Yana kuma tunatar da mai saye da mai sayarwa cewa Allah na ganin mudu da sikeli.

Kotun masu ƙura a ƙafa

Tunatarwa kaɗai ba ta isa ba, don haka aka haɗa da doka. A ƙarni na 13 aka kafa dokar da ta ɗaure nauyin burodi da farashin alkama. Mai gasa burodin da aka kama ya rage nauyi zai biya tara, idan ya maimaita kuma a saka shi a turu a bainar jama'a. Sau da yawa turun na kusa da gicciyen, inda kowa zai gan shi. Sai a shekarar 1837 aka soke hukuncin turun wuya a Ingila.

Akwai kuma kotun gaggawa ta kasuwa mai suna Piepowder. Sunan ya samo asali ne daga kalmomin Faransanci pieds poudreux, wato ƙafafu masu ƙura, saboda fataken da suka taho daga nesa. Bafatake ba zai iya jiran makonni ana shari'a ba, don haka a nan take ake sauraron rigimar bashi ko algus, a yanke hukunci kafin kasuwa ta watse.

A gindin gicciye ake shelar sabuwar doka, yaƙi, sulhu da naɗin sarki. A nan ma ake zartar da hukuncin kisa a wasu garuruwa. A Edinburgh, a shekarar 1650 aka rataye Montrose, babban kwamandan da ya yi wa gidan sarauta yaƙi, a wajen gicciyen kasuwa.

Yadda mutane suka ɗauki rantsuwa a wurin ya fito fili a garin Devizes. Gicciyen garin ba tsoho ba ne sosai, a 1814 aka gina shi, amma an rubuta wani labari a jikinsa. Rubutun ya ce a watan Janairun 1753, wata mata mai suna Ruth Pierce ta haɗa kuɗi da wasu mata uku don sayen buhun alkama. Da aka ƙirga sai aka ga kuɗin bai cika ba. Ta rantse ta biya nata, har ta roƙi ta faɗi matacciya idan ƙarya take yi. A cewar rubutun, nan take ta faɗi ta mutu, aka samu kuɗin a hannunta. Magabatan garin ne suka so a ajiye labarin a dutse, domin ya zama gargaɗi ga ƴan kasuwa.

Rumfar talakawa

Zuwa ƙarni na 15, garuruwa masu arziki sun fara sauya fasalin gicciyen. Maimakon ginshiƙi kaɗai, sai a kewaye shi da ginshiƙai a yi rufi. A ƙasar da ruwan sama ke iya saukowa a kowane wata, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Wanda ke garin Malmesbury an gina shi wajen shekarar 1490, tsayinsa kimanin mita 12. Wani masani mai suna John Leland da ya ziyarci garin a shekarun 1540 ya rubuta cewa an yi shi ne domin talakawan kasuwa su samu mafaka idan ana ruwa.

A Chichester da ke kudancin Ingila, Bishop Edward Story ya biya magajin gari fam 10 kuɗin fili a mahaɗar manyan titunan garin huɗu, ya gina rumfa mai kusurwa takwas a shekarar 1501, da dutsen da aka yo jigilarsa daga Caen a Faransa. Sharaɗin da ya gindaya shi ne talakawan ƙauye su sayar da kayansu a ƙarƙashinta ba tare da biyan haraji ba. Shekaru kusan 300 ana ciniki a wurin, kafin a mayar da kasuwar wani sabon gini a farkon ƙarni na 19.

Da yawa daga cikin waɗannan rumfuna sun ɗauki sunan kayan da ake kasawa a gindinsu. Akwai garuruwa da dama masu "gicciyen man shanu", inda matan ƙauye ke jera man shanu da ƙwai da cuku a kan matakala mai sanyi. A birnin Salisbury guda huɗu ne a da, kowanne da irin hajarsa. Na kaji ne kaɗai ya rage. Sarki Henry na Uku ne ya ba birnin takardar izini a 1227, kuma har yau kasuwar na ci ranakun Talata da Asabar.

Ba duk kasuwanni ne suka rayu ba. Annobar da ta ɓarke a 1348 ta kashe tsakanin kashi ɗaya bisa uku zuwa rabin mutanen Ingila. Ƙananan kasuwanni da yawa suka mutu. Shi ya sa a yau ake ganin gicciyen kasuwa a ƙauyen da ba shi da kasuwa, dutsen ne kaɗai shaidar cewa an taɓa yin hada-hada a wurin.

Zango 12 na gawar sarauniya

Waɗanda suka fi kowanne suna ba don kasuwa aka gina su ba, ko da yake salonsu ya yi tasiri a kan gine-ginen da suka biyo baya.

Ranar 28 ga Nuwamban 1290, Eleanor, matar Sarki Edward na Ɗaya, ta rasu a ƙauyen Harby kusa da birnin Lincoln. Ƴar sarkin Castile ce a ƙasar Sifaniya ta yau. Sun yi aure a 1254, kuma ta riƙa bin mijinta duk inda ya je, har da yaƙin da ya kai shi Gabas ta Tsakiya.

Aka ɗauki gawarta zuwa Landan, tafiyar kusan kilomita 300, aka yada zango a wurare 12. An binne ta a cocin Westminster ranar 17 ga Disamba. Daga 1291 sarkin ya sa aka gina dogon gicciye mai mutum-mutumin sarauniyar a kowane zango, domin matafiya su riƙa yi mata addu'a. Ya ɗauko dabarar ce daga Faransa, inda aka kafa irin waɗannan alamu a hanyar da aka bi da gawar Sarki Louis na Tara zuwa Saint-Denis, bayan ya rasu a Tunis a 1270.

A yau ana ba da labarin a matsayin labarin soyayya, amma a zamaninta Eleanor ba ta da farin jini. Ta mallaki filaye da yawa ta hanyar karɓar basussukan da masu filaye suka ci a wurin Yahudawa masu ba da rance, har babban limamin Canterbury ya gargaɗe ta. A shekarar da ta rasu ne kuma mijinta ya kori Yahudawa baki ɗaya daga Ingila. Wasu masana na ganin gine-ginen sun taimaka wajen gyara sunanta da kuma nuna ƙarfin gidan sarauta.

Cikin 12 ɗin, uku ne kawai suka rage a tsaye: na Geddington, na Hardingstone kusa da Northampton, da na Waltham.

Lokacin da guduma ta hau dutse

A shekarar 1534 Sarki Henry na Takwas ya raba cocin Ingila da Fafaroma. Daga nan aka shiga fiye da shekara ɗari ana jayayya kan hotuna da mutum-mutumi a wuraren ibada. Ƴan Puritan, masu ra'ayin tsarkake addini daga duk abin da suke gani bidi'a ce ta Katolika, sun ɗauki gicciyen da ke kan tituna a matsayin gumaka.

A garin Banbury sun rushe nasu a shekarar 1600. A Ruthwell, majalisar cocin Scotland ce ta ba da umarni, aka farfasa tsohon dutsen a 1642. Na Sandbach ma an karya su a ƙarnin, aka watsa gutsattsarin a wurare daban-daban.

Da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisar dokoki, abin ya zama doka. Ranar 2 ga Mayun 1643 aka rushe gicciyen Eleanor na unguwar Cheapside a Landan, sojoji na gadi, jama'a na kallo. Na Charing ya bi baya a 1647.

A garuruwa da yawa ba a rushe ginin duka ba, tunda ana buƙatarsa a kasuwa. Kan kawai ake sarewa, daga baya a ɗora ƙwallon dutse, agogon rana ko fitila. Shi ya sa baƙo kan yi mamaki idan aka nuna masa "gicciye" amma bai ga gicciye ba.

Filin Charing kuwa ya ci gaba da ganin siyasa. An fille kan Charles na Ɗaya a 1649. Da sarauta ta dawo a 1660, a wannan fili aka kashe wasu daga cikin waɗanda suka yanke masa hukunci. A 1675 aka kafa mutum-mutuminsa a kan doki daidai inda gicciyen yake. Har yau daga nan ake auna nisan garuruwa zuwa Landan, kuma unguwar na amsa sunan Charing Cross. Dogon ginin da fasinjoji ke gani a ƙofar tashar jirgin ƙasa ta unguwar ba na asali ba ne, kamfanin jirgin ƙasa ne ya gina shi a 1865.

Keken doki ya yi abin da yaƙi bai yi ba

Waɗanda suka tsira daga rikicin addini sun gamu da wani abokin gaba a ƙarni na 18: cunkoson tituna. Kekunan doki sun yi yawa, hukumomin garuruwa na son faɗaɗa hanya, kuma gicciyen na tsakiyar mahaɗa.

Gloucester ta cire nata a 1751. Edinburgh ta rushe nata a 1756. Wanda aka yi shelar Charles na Uku a kansa an sake gina shi ne a 1885, da kuɗin William Gladstone, wanda ya yi firaministan Birtaniya har sau huɗu. Coventry ta bi sahu a 1771.

Labarin birane biyu ya nuna yadda makomar irin waɗannan gine-gine ta bambanta.

Gicciyen Bristol yana tuna wa mutanen birnin takardar ƴancin da Sarki Edward na Uku ya ba su a 1373. A 1733 aka cire shi daga mahaɗar tituna, bayan wani maƙerin azurfa da ke zaune kusa ya yi ƙorafin cewa zai iya faɗo wa gidansa idan ana iska. An sake kafa shi kusa da babban coci, daga baya aka kwance shi aka jibge. A shekarun 1760 aka ba wani attajiri mai banki, Henry Hoare, ya kai shi lambun gidansa a Stourhead ya yi ado da shi.

A Winchester ma an so yin haka. A 1770 hukumar kula da titunan birnin ta sayar da gicciyen man shanu na ƙarni na 15 ga wani mai kuɗi, Thomas Dummer, domin ya kai gidansa. Da ma'aikatansa suka zo kwancewa, mutanen gari suka yi dafifi suka kore su. Dole aka fasa cinikin.

Wa zai biya kuɗin gyara?

A ƙarni na 19 ra'ayi ya sauya, aka fara ganin darajar abin da aka yi watsi da shi. A 1816 aka tattaro gutsattsarin Sandbach aka sake haɗa su. A Ruthwell, limamin ƙauyen Henry Duncan, wanda aka fi sani da kafa bankin ajiyar talakawa a 1810, ya haɗa ɓaraguzan a 1823, kuma a 1887 aka shigar da dutsen cikin coci don kare shi daga ruwa da sanyi.

Dokar farko ta kare kayan tarihi ta fito a 1882. Bayan yaƙin duniya na biyu aka fara rajistar tsofaffin gine-gine, kuma a yau rajistar Ingila na ɗauke da wurare kusan 400,000. Taɓa ginin da ke cikinta ba tare da izini ba laifi ne.

Sai dai doka ba ta hana dutse lalacewa. Ruwa na shiga tsaga, ya daskare da sanyi, ya fasa dutsen. Hayaƙin motoci na cin sassaƙar. A wasu wuraren, ƙarfen da masu gyara na baya suka saka ya yi tsatsa ya kumbura, ya ƙara ɓarna. Gyaran na buƙatar ƙwararrun masassaƙa, ga shi kuma ƙananan hukumomin Birtaniya sun daɗe suna kukan ƙarancin kuɗi.

Gicciyen Eleanor na Hardingstone ya nuna matsalar. An yi shekaru ana jan ƙafa kan hukumar da ke da alhakin kula da shi, ciyawa na tsirowa a jikinsa, dutse na ɓantarewa. Sai da mazauna yankin da masu kishin tarihi suka matsa lamba, sannan aka yi masa gyara a 2019.

A Winchester, gicciyen da mutanen gari suka hana a sayar yana nan a babban titi, kuma matakalarsa ta zama wurin da matasa ke haɗuwa, masu sayayya kuma su zauna su huta. Na Bristol kuwa yana nan a lambun Stourhead, tafiyar fiye da kilomita 50 daga birnin. Wanda ke son shiga lambun sai ya sayi tikiti.